Bakina Ya Jawo An Share Gonar Gyaɗar Alhaji

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, don a garinmu har awaki sun san muryata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin ku fara wanke ni bari in rage muku aiki, wawan labarin nan ni ne, da furfurata da tabarau ɗina.

Ni dattijo ne daga wajen Zango, na yi aji huɗu a firamare, na kuma ɗan zauna gaban malamai a zaure, to a unguwarmu wannan ya isa a kira mutum masani. Da aka kafa kwamitin zakka bayan zuwan Shari'a aka sa ni ciki, aka ba ni babban muƙami, wato riƙe lasifika.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, mu kira shi Alhaji kawai. Allah ya buɗa masa, ga tarakta, ga shanu, ga motoci suna kai kaya Nijar. Duk kaka yana fitar da zakkar gero da dawa daidai, dami ɗaya cikin goma, ba ya rage zangarniya ba ya ƙara zangarniya. To wannan daidai ɗin ne yake ci min rai. Mutumin da rumbunansa sun kai ƙaramin ƙauye, a ce shi da mai gona ɗaya ma'auninsu guda? Ranar sunan jikansa, lasifika na hannuna, sai shaiɗan ya ɗan taɓa ni, na ce Alhaji yana ba Allah haƙƙinsa kamar mai biyan kuɗin mota, sai ya tsaya an ba shi canji. Jama'a suka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce ya ji, bana zai ba da abin da zan gani, tunda ni da ido nake auna sadaka.

Ku 'yan birni ba ku sani ba, a wajenmu in an cire gyaɗa mata sukan shiga gonar su yi kala, su tono abin da ya rage a ƙasa, nasu ne, ba mai tambaya. Gonar Alhaji ta yi suna a nan, mace sai ta cika buhu. Ni na ɗauka lalacin 'yan ƙwadagonsa ne, har tsiya nake masa a kai. Ashe shi yake ce musu su cire sama-sama su wuce.

Bana ya sa aka bi gonar aka sake binta, ko ɓera bai samu na baki ba. Abin da aka tattaro ya jibge shi a ƙofar masallaci, ya ce ga shi nan, in raba da lasifikata ina kiran suna. Wallahi buhunan sun cika ido, har na fara jin na yi jihadi. Sai ga samari majiya ƙarfi a kan babura sun yi layi, wasu daga nan kasuwa suka nufa da nasu. Matan da suka saba kala kuwa ko ɗaya ba ta leƙo ba. Tsohuwa mai surukai, ko wadda mijinta ya rasu, za ta yini a rana tana tono don guminta ne, amma ta tsaya a kira sunanta a ji har bayan gari, gara ta kwana da yunwa.

Yanzu saura ɗaya gonar gyaɗarsa ta hanyar garin Babban Mutum, mako mai zuwa za a cire, in ita ma aka share ta matan nan sun rasa na miya da na mai har wata kakar. Na je gidansa aka ce min yana barci, alhali ina jin muryarsa yana waya. Kuma ni har yanzu ina kan bakana, mai dukiya irin tasa zakka kaɗai ba ta fishshe shi ba, haushina shi ne ya fi ni sanin haka tun tuni, bai gaya min ba.

To jama'a yaya zan yi? In ɗauki lasifikar in ba shi haƙuri a bainar jama'a, in tona abin da ya ɓoye shekara da shekaru? Ko in je in tsugunna a zaurensa, ni da na girme shi? Kuma wai wa ke da hurumin faɗa wa mai kuɗi ya isa ko bai isa ba? Kada wanda ya ce in tambayi uwargida, na riga na gwada. Ina cikin yi mata bayanin haƙƙin talaka a kan mawadaci, ta ajiye min tuwo da miyar kuka tsura ta ce, "Malam, miyar gyaɗar da kake siɗe kwano duk shekara, daga gonar wa kake zaton nake samo ta?"