Lauje Biyu a Kabarin Baba

Gi-tae,

Ina gaishe ka, da iyali.

Na je majami'a na kalli wasan Kayinu da Habila da ka rubuta a waƙe. An yi tafi. Sai dai Kayinun naka manomin tuffa ne kamar ni, kuma da ƙafar hagu yake ɗingishi. Da ya ce, "Ni na sha rana, shi ya sha yabo, hayaƙina ya kwanta, nasa ya tashi," rabin ƙauye suka waiwayo suna kallona. Mama ta sunkuyar da kai.

Bikin girbi ya matso, ciyawa ta rufe kabarin Baba. Ka zo ranar Asabar mu yanke ta, ni da kai kaɗai. Na wasa lauje.

Yayanka,
Man-seok

Yaya Ok-ran,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi.

Ga wasiƙar Yaya Man-seok, ki karanta. Allah ya sani, tausayin Kayinu na ji, shi na ba baitoci mafi kyau. Amma kin san kabarin can kan dutse yake, ko ihu aka yi ba mai ji. Kin kuma san zuciyar Yaya tun da Baba ya tura ni karatu Seoul, ya bar shi a gona. In na ƙi zuwa, na rasa shi har abada. In na je fa? Tsoro nake ji.

Ƙaninki,
Gi-tae

Gi-tae,

Lafiya lau muke.

Kai da ka yanka yayanka a gaban jama'a da baiti, yau lauje kake tsoro? Ko kasuwa bai iya shiga ba tun ranar, kunya ta hana shi fita. Ka je, malam mai waƙa. Kada ka sa takalmin birni.

Yayarka,
Ok-ran

Yaya Ok-ran,

Ina gaisuwa. Na je.

A gindin dutse ya miƙo min laujen da ya fi kaifi, ya shige gaba. Wuni guda yana duƙe a gabana, ya ba ni baya, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da muka gama muka durƙusa wa Baba, muka sauko ƙauye, sai ya ce, "To, ka ga Kayinu ya dawo da kai gida. Ka sa wannan a waƙarka."

Na mayar masa da laujensa, Yaya.

Ki gaida Mama.
Gi-tae