Kwanon da Nake Shanya a Kai

Yaya Isa,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Rabi? Mu nan Filinge lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu.

Allah ya saka maka da alheri da ka turo mana 'yarka Hadiza hutu. Ka tuna guntun kwanon rufin nan na siminti da Baba ya kawo daga rusasshen sito? A kansa nake shanyar kuɓewa, kuma kullum sai na kankare shi da dutse, farar ƙura tana tashi, ina murna ya yi fes. Hadiza na ganina ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Gwaggo, akwai amiyant a cikinsa, wani zare mai cutarwa da ake cuɗawa da siminti. Ƙurar nan in ta shiga huhu ba ta fita, sai bayan shekaru ciwon ke bayyana." Na yi fushi, na ce karatun likita ne ya ruɗa ta. Duk da haka ta jiƙa kwanon da ruwa, muka naɗe a leda, aka binne.

Daga baya na gane gaskiyarta. Jibi zan je asibiti a duba ƙirjina, ku sa ni a addu'a. A gaida yara. Ka ce wa Hadiza hannun da ta riƙe shi ke rubuta mata godiya.

Ƙanwarka,
Zainabu