'Yata Ta Zaɓi Bidiyon Mai Babur, Ta Bar Nawa a Ƙasa

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, abu ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na gaya wa sai ya fara murmushi kafin in kai ƙarshe. Ni ban yi makaranta ba. Mai shagon buga takardu na bakin titinmu ne yake rubuta wannan, ina faɗa yana bugawa, shi ne kuma yake karanta mana filin nan naki. Na ce masa idan ya rage mini magana ko ya yi mata kwalliya, zan gane ranar da aka karanta mini.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. Tun ina saurayi nake yawo gida-gida da jakar kayan aiki. A layinmu babu ƙofar da ban shiga ba. Ina iya gaya miki wane gida ne kekensu ke cin zare, wane ne bel ɗinsa ya saki, wace ce take taka feda kamar tana faɗa da shi. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai dai a kawo mini kan keken ƙofar gida, in zauna a bencina in duba. Idon ma sai da tabarau, tabarau ɗin ma na ɗaure ƙafarsa da zare.

'Ya'yana sun watse. Wadda ta fi kula da ni ita ce auta, kuma Auta muke ce mata har yau da take da 'ya'yanta. Aure da aiki sun kai ta gari mai nisa. Bayan rasuwar uwarta, Allah Ya jiƙanta, ita ta sayo mini waya mai hoto, wai don mu riƙa ganin juna. Na ce mata murya ta isa. Idan ta matsa sai na kunna hoton, ina ajiye wayar a kan akwatin keke ta kalli silin. Me za ta gani? Tsoho ne, haƙora sun zube. Ni ba ɗan fim ba ne.

To ita ce ta saka ni a wani zaure na intanet. Mutanen garinmu ne suka haɗu suna yin taswira da kansu, saboda ƙananan layukanmu ba sa cikin taswirar waya, baƙo ya yi ta ɓata, motar asibiti ma ta taɓa wuce mu. Tsarin shi ne kowa ya ɗauki bidiyon layinsu daga baki zuwa ƙarshe yana bayani, a liƙa a taswirar, duk wanda ya danna layin ya gani. Ba biya ake yi ba, don Allah ne. Auta ta ce, Baba ai wannan aikinka ne, wa ya fi ka sanin layin nan. Da bakinta ta faɗa, ki riƙe wannan.

Na yi. Safiya bayan safiya ina fita da sanda a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ina tsayawa a kowace ƙofa in faɗi wanda ya fara gina ta. Na nuna inda famfon unguwa yake a da, da inda kwata take haɗiye tayar mota idan an yi ruwa, da lungun da ake zaton ya toshe alhali yana ɓullewa bayan makaranta. Na kuma faɗi gaskiya, ba zan ɓoye miki ba. Na faɗi wanda ya sare bishiyar da muke sha iska a ƙarƙashinta don ya yi garejin da har yau babu mota a ciki. Na faɗi wanda ya turo dakalinsa cikin hanya. Na faɗi gidan da suka ce na canza musu ƙarfe a keke, suka kai wa wani, ya ƙarasa kashe shi. Taswira ai gaskiya ake so a cikinta. Ƙofar gidana kaɗai ban nuna ba. Da na zo wurin na sauke wayar ƙasa na wuce, don gefen bencin nan ne uwarsu take zama tana tsefe mini zare, kuma ban ga abin da duniya za ta kalla a wurin ba.

Da farko duk bidiyon da aka yi wa layi ɗaya jere suke, babu babba babu ƙarami. Sai masu kula da zauren suka ce sun yi yawa. Suka kawo tsarin zaɓe: kowa yana da ƙuri'a ɗaya a kowane layi, ka danna yatsa a ƙasan wanda ya fi burge ka. Wanda ya fi yatsu shi ne zai buɗe idan an taɓa layin, sauran su koma ƙasa. Na can ƙarshe kuma, idan wata ya ƙare, a cire shi daga taswirar.

Malama, nawa ne a ƙarshe.

Wanda yake sama kuwa wani mai kai saƙo ne a babur, ɗan haya a gidan kusa da taransifoma, wanda ko shekara biyu bai yi a layin ba. An ce ya ɗaura waya a ƙirji ne ya ratsa layin da gudu, ya sa kiɗa, yana zolaya, kafin ka zura zare a allura ya gama. An ce na ce, don ni ban kalla ba. Mai shagon nan ya taɓa gaya mini duk wanda ya buɗe bidiyo ana ƙirga shi, shi ya sa ko da kuskure ban taɓa nasa ba. Ba da idona za a ƙara masa ko ɗaya ba.

Duk wannan da na haɗiye. Mutanen layi na san su, rabinsu sun ji sunan gidansu a bakina ne suka yi fushi. Amma sai na ce da mai shago ya nuna mini waɗanda suka zaɓi kowa, don fuskokinsu na fitowa ƙanana-ƙanana a ƙasa. A ƙarƙashin nawa akwai shi, da mai shagon magani, da wata tsohuwa da nake gyara wa keke, sai ni kaina. Ya so ya rufe daga nan, na ce nuna mini waɗanda suka zaɓi na mai babur. Fuskoki ba iyaka. Ban iya karatu ba, amma na san fuskar da na raina. Ga Auta nan a cikinsu, da shuɗin mayafinta.

Ƙuri'a ɗaya gare ta. Ta ɗauka ta ba baƙo. Ita da ta ce wa ya fi ni sanin layin. A kan kafaɗata ta san layin nan, ina ɗauke da ita da jakar aiki tare, ana ba ta guntayen yadi tana yi wa 'yar tsanarta riga.

Tun daga ranar ban ƙara ɗaga wayarta ba. Idan ta kira hotonta ya fito, sai in tura wayar cikin durowar keke in rufe, tana kuka a ciki har ta gaji. Ta aiko da saƙonnin murya, ban buɗe ba. Ta kira mai shago ta ce ya gaya mini tana so ta zo da yara idan an yi hutun makaranta. Na ce ya gaya mata ta sauka a ɗakin mai babur, tunda shi ne ya san hanya. Ya ce Baba wannan ta yi nauyi, na ce kai ta haka. Na faɗa, kuma ban janye ba.

Sai dai kiran ya fara raguwa. Da kullum ne, ya koma jefi-jefi. Kwanan nan sai in buɗe durowar in duba ko caji ne ya ƙare, in tarar a cike take. Abinci ba ya shiga. Jiya an kawo mini keke na rasa ta inda zan fara, abin da nake yi ido rufe.

Wata ya kusa ƙarewa. Ina so in goge bidiyon da hannuna kafin su cire shi a gaban kowa, in fita daga zauren, in aika mata da wayarta. Ki gaya mini ko hakan daidai ne. Ki kuma gaya mini, tsakani da Allah, ko ana auna sanin mutum da ƙirgen yatsu. Na ce mai shago ya aiko miki da hanyar da za ki ga nawa, ki yi hukunci da idonki.

Ni ne, tsohon mai gyaran keken ɗinki.

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah Ya jiƙan mai ɗakinka, Ya ƙara maka lafiya. Na kalli bidiyonka daga farko har ƙarshe, na kuma kalli na mai babur, ka yi haƙuri, an ƙara masa ɗaya da idona.

A tambayarka ta ƙarshe kana da gaskiya. Yatsu ba sa auna sani, abin da suke aunawa shi ne wanda ya fi sauƙin kallo. Na mai babur yana da amfaninsa, don baƙon da ya tsaya a bakin layi yana neman gida gajeren abu yake buƙata. Amma babu tsohon famfo, babu kwatar da ke cin taya, babu lungun bayan makaranta a cikinsa. Waɗannan a bakinka kaɗai suke, kuma idan aka cire su an yi wa taswirar asara. Saboda haka kada ka goge. Ka sa mai shago ya rubuta wa masu kula da zauren cikin ladabi, a roƙe su su ware wuri na bidiyon tarihin layi wanda ba ya shiga zaɓe. Ba na jin kai kaɗai ne dattijon da wannan tsarin ya tura ƙasa.

Sai dai Baba, kashi mai yawa na bidiyonka shari'a ce ba taswira ba. Mai bishiya da mai dakali ba su samu damar kare kansu ba, kuma jikokinsu za su danna layin nan. Ka yarda a yanke waɗannan wuraren. Abin da zai rage ya isa a yi alfahari da shi.

Yanzu maganar da ta fi duk wannan. Kusa da ƙarshen bidiyon mai babur, ya rage gudu saboda wani rami. A daidai nan hoto ya kama wata ƙofa mai benci. Wani dattijo yana zaune a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen babu kowa. Kan keke yana bisa cinyarsa, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ya ɗago kai, ya kaɗa hannu yana korar mai babur, ya koma kan aikinsa. Abin bai fi numfashi biyu ba.

A naka kuwa na ji muryarka tun daga bakin layi, amma ban ga ko inuwarka ba. Da ka zo ƙofar gidanka, takalmanka kawai na gani da ƙasan sanda.

Ban san zuciyar Auta ba, ba zan kuma rantse a madadinta ba. Amma ka yi tunani. Mace ce a gari mai nisa, uwarta ta rasu, ta sayi waya don ta ga fuskar ubanta, ana nuna mata silin. Sai ga wuri ɗaya tak a duniya da za ta danna ta gan shi zaune a ƙofar gidan da ta tashi, da ƙarfinsa har yana faɗa. Idan wannan bidiyon ya faɗo ƙasa, wata rana cire shi za a yi. Ni dai da ni ce, na san inda zan sa ƙuri'ata.

Tana da nata laifin. Ya kamata ta gaya maka tun kafin ka gani a wurin wani. Amma wataƙila ta faɗa, yana cikin saƙonnin da ka ƙi buɗewa. Ka buɗe su yau. Ka kalli bidiyon nan ma, kallonka ɗaya ba zai ɗaga shi ba, ba zai rage ka ba. Sannan ka kira ta da kanka, kada ka jira ta kira, don wanda aka aika wa irin saƙon da ka aika yakan ji kunyar sake ƙwanƙwasa ƙofa. Maganar sauka a ɗakin mai babur ka janye ta da bakinka, ba ta bakin mai shago ba. Janye magana a gaban 'yarka ba ya rage maka girma.

Idan ta ɗaga, kada ka ajiye wayar a kan akwatin keke. Ka riƙe ta saitin fuskarka. Ta san haƙoran sun zube, ba su take nema ba.

In hutu ya zo, ku sake ɗaukar layin tare. Ita ta riƙe wayar, kai ka shiga gaba da sandarka kana bayani, jikoki suna binka. Ku tsaya a ƙofar gidan wannan karon, ka faɗi wadda take zama a gefen bencin. Ko ya hau sama ko ya zauna a ƙasa, wanda ya kamata ya kalla zai kalla.

Allah Ya sanyaya maka zuciya Baba, Ya kawo su lafiya, Ya sa ka ga bencin nan ya cika.