Hannun da Jatau Ya Ce Nasa Ne

Zuwa ga Sarkin Pawan garinmu, uban mahauta, mai wuƙa da nama a sana'armu.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Allah ya ja zamaninka. Bayan haka, ni ne Mamman, mahaucin rumfar gindin tsamiya, uban Bukar da Habu. Ban iya rubutu ba, limamin kasuwa ne ya riƙe mini alƙalami, amma maganar tawa ce. Na roƙe shi ya karanta ta ranar kasuwa, domin a bainar jama'a aka yi mini abin da aka yi.

Na ji an ce da zarar an gama yankan shinkafa za ka naɗa Jatau Mai Zare Sarkin Dambe, duk ɗan mahaucin da zai shiga fage sai ya bi ta wurinsa, shi zai koya masa, shi zai ɗaure masa hannu. Hujjarka, wai yaransa sun kayar da shagon Auyo, wato gwanin dambensu, sun kayar da na Kafin Hausa. To, ranka ya daɗe, wanda ya kayar da na Kafin Hausa ɗana ne, Bukar. Ƙanensa Habu kuma ya fara satar jiki yana zuwa gidan Jatau. Saboda Habu nake wannan magana.

Na farko, ba zan ci haƙƙin Jatau ba. Kafin ya karɓi Bukar, yaron dambe yake irin na bijimi, ya sunkuyar da kai ya afka, fuska a buɗe, kowane ƙaramin ɗan dambe ya fasa masa leɓe. Jatau ne ya koya masa miƙa hannun hagu ya tare, ya koya masa kallon ƙafar abokin karawa maimakon idonsa, ya koya masa haƙuri har a buɗe masa ƙofa. Wannan na Jatau ne, ko a gaban alƙali zan faɗa.

Na biyu, akwai abin da ba shi ya bayar ba. Ƙafafun nan da ba a iya girgiza su, taɓon fadama ne ya gina su, tun Bukar yana jan shanun yanka yana haye kogi da su daga wajen Baturiya, ruwa iya ƙirji. Damtsen, gatarin sara ƙashi ne a rumfata. Taurin zuciya kuwa na uwarsa ne, Yagana, duk unguwa an sani. Sannan a tambayi Jatau ina sauran. Ina Sule da aka goce wa muƙamuƙi, har yau sai da karan dawa yake zuƙar kunu? Ina ɗan Talle mai ido ɗaya? Su ma a gidansa suka koya. In yaro ya yi kisa, wato ya kai abokin karawa ƙasa, makaɗa su ce aikin Jatau ne. In an farfasa shi, Jatau ya ce dama bai jin magana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na uku, ranar damben Kafin Hausa, kakar bara. Kana wurin, a kan buzunka, amma akwai abin da ba ka gani ba. Tun a karawar Auyo ƙashin wuyan hannun Bukar ya tsage. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara, ya ce kada ya ɗaga ko tulu sai an ga sabon wata. Jatau ya san da haka. Da hantsi ya kira yaron bayan gari, ya kwance karan ɗorin, ya yi masa tsaga a damtse ya shafa maganin da ke kashe zafi. Sannan ya jiƙa zaren dambe kafin ya naɗa a hannun, yadda ya saba, don in ya bushe a rana ya tsuke hannun ya zama dutse. Bukar ya ce masa, “Baba Jatau, ba na jin yatsuna.” Ya amsa, “Haka ake so. Hannun da ba ya ji ba ya tsoro.”

Bayan la'asar aka shiga. A turmin farko ƙaton nan, shagon Kafin Hausa, ya fasa wa Bukar gira, jini ya rufe masa ido, yana tofar da shi a rairayi. A turmi na biyu Bukar ya jira, ƙaton ya ɗaga ƙafa, sai Bukar ya sakar masa naushi a ƙarƙashin kunne. Haƙora suka zubo, mutumin ya kifa da fuska, ƙafarsa tana shure-shure. Fage ya ɗauki ihu. Ni kuwa da na tsufa ina sara ƙashi, ƙara biyu na ji, ta muƙamuƙinsa da ta hannun ɗana.

Na kutsa in kwance zaren, yaran Jatau suka hankaɗe ni har rawanina ya faɗi. Wai al'adar gidansu, hannun da ya yi kisa ba a kwance shi sai ya zaga gari. Aka ɗora Jatau a kafaɗa, kalangu na tashi, ya kama hannun Bukar ya ɗaga sama, ya yi kirari da bakinsa: “Wannan hannu nawa ne, aro na ba shi!” Duk wanda ke sauraron takardar nan ya ji shi. Ba a kwance zaren ba sai da aka kira magariba.

Na huɗu, ka yi haƙuri da abin da za ka ji. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya soma wari har ƙudaje ba sa barin ɗakin. Wanzami ya duba ya ce ruɓar tana hawa, in ba a cire hannun ba, za a rasa yaron ɗungum, amma shi bai iya gaɓa ba. Wa ya iya gaɓa a unguwar? Ni. 'Yan'uwana suka danne Bukar a tabarma, aka cusa masa tsumma a baki, Yagana da kanta ta tafasa man shanun da za a ƙona wurin. Na wasa wuƙata, na yi bisimilla, na nemi gaɓar da yatsana yadda nake yi wa rago. Bukar bai suma ba. Yana kallona har na gama. Wallahi da a ce suma ya yi, da na fi samun barci.

Jatau bai tako gidana ba. Da aka kai masa labari a majalisa, cewa ya yi, “Ƙaddara ce. Ai hannunsa ne, shi ya san ciwonsa, me ya hana shi faɗa?” Ranar kalangu hannun nasa ne, ranar wuƙa ya koma na Bukar. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ga roƙona. Kada ka naɗa masa rawanin. In kuwa ka ga lallai nasarar yaransa tasa ce, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka haɗa masa da muƙamuƙin Sule da idon ɗan Talle. Ka kafa doka, wanda ke da ɗori ba ya shiga fage, kuma ana tashi daga dambe a kwance zare. Ka kuma hana shi taɓa Habu. Wuƙar da na yi aikin nan da ita tana rataye a ɗakina, ban sake yanka da ita ba. Na kawo kukana gare ka ne don ta ci gaba da zama a can.

Abu na ƙarshe, ka isar wa Jatau da saƙo. Ya ce aro ya ba ɗana, mu kuwa ba ma riƙe kayan mutane. Na naɗe hannun a farin ƙyalle, na binne shi a gindin kurnar bayan gidana. Kafin a naɗa masa rawanin, ya zo da fartanya ya tone abinsa, Bukar zai nuna masa wurin da hannun da ya rage.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka 'ya'yanka da gaɓoɓinsu cikakku, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam. Daga talakanka, Mamman na gindin tsamiya.