Gam Ɗin Tunkuza

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya tana leƙo ku kuwa?

Ni lafiya lau, shiru ne kawai ya yi wa ɗakina yawa.

Inna, kin san tunkuzar da kike zuba wa awaki bayan kin matse mai? Da ita muke yin gam na haɗa katako a masana'antarmu! Yana kamawa gam, amma da ya sha ruwa sai ya saki. Har yanzu mun rasa dalili, kuma in ba mu gano ba, aikina ya ƙare. Ni dai ina ta tunani: awakinki ba za su cinye kujerar da aka haɗa da gam ɗin ba?

In inji ya gasa katakon, ƙamshin madafinki ne sak. Abokan aiki sun ga hawayena, na ce tururi ne.

A sa min albarka.

Autarki