Fararen Ƙyallaye a Bakin Kwatarmu

Litinin, 13 ga Mayu

Ruwan farko na gaske ya sauka yau, mun kuma ga aikin da aka yi mana. Tun farkon shekara suke haƙa suna zuba siminti, suka cinye gefen titin da muke bi da ƙafa, wai sabuwar kwata ce za ta raba mu da ambaliya. To ga ta nan. A wani wurin ta fi titi tudu, ruwa ya rasa ta inda zai shiga. A wani wurin kuma ta cika ta tumbatsa, ba ka gane ina titi ya ƙare ina ita ta fara. Murafun kankaren da suka jera a kanta, ka taka kaɗan sai giɓi, wai na yashe kwatar ne, za a kawo ragar ƙarfe a rufe. Ɗan kwangila ya kwashe motocinsa, raga ba ta zo ba. Zurfinta ya kai ƙirjin babban mutum, na gani lokacin da leburori ke ciki.

Ni dai mahaifina ne damuwata. Tatta muke ce masa. Yanar ido ta kama shi, ga ciwon suga, amma tun da mahaifiyata ta rasu bai taɓa fashin zuwa haikali da sassafe ya share gindin bo, itacen nan mai tsarki, ba. Maƙwabcinmu Gunadasa ne ke ƙwanƙwasa get, Tatta ya dafa kafaɗarsa su tafi. Yanzu dole ta kan murafun nan za su bi, don motocin bas ba sa ɗaga wa kowa ƙafa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Mai kifi ya afka da kekensa a giɓin gaban shagon aski. Ya fita da gurjewar gwiwa, amma akwatin kifin kaf ya bi ruwa. Gunadasa na tsaye da lemarsa ya ce, "Yi haƙuri malam, gida suka koma." Har mai kifin sai da ya dara. Ni ma na yi dariya, daga baya abinci ya ƙi shiga.

Asabar, 18 ga Mayu

Yayana Wimal ya bugo daga Kolambo. Na ba shi labari, ko tunani bai yi ba ya ce, "Lata, ki sa wa get kwaɗo mana, magana ta ƙare." Na ce Tatta ba akuya ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan bishiyar kwakwa, iska na kaɗa shi yana waƙa, ni zan kulle? Ya ce to idan ya faɗa kada in kira shi ina kuka. Na kashe wayar. Mai ba da umarni daga nesa!

Litinin, 20 ga Mayu

Na bar ɗinkin mutane na je ofishin ƙaramar hukuma. Na farko ya ce titin ba nasu ba ne. Na biyu ya ce titin nasu ne, kwatar ce ba tasu ba, ta wani shiri ce kuma an rufe shirin. Na uku yana cin shinkafarsa a ganyen ayaba, ya ce, "Madam, ku riƙa duba gabanku." Na ce mahaifina ba ya gani. Ya ce ash, ya ci gaba da cin abincinsa.

Laraba, 22 ga Mayu

Jiya na tambayi Tatta me yake iya gani da sassafe idan ana ruwa. Ya ce, "Komai toka-toka ne, 'yar nan. Fari kaɗai ke fitowa."

Fari kuwa ai shi ne sana'ata. Kayan makarantar yaran unguwar nan duk ni ke ɗinka su, ƙyallayen sun cika buhu a bayan keken ɗinki. Na sari sanduna a shinge, na ɗaura wa kowace farin ƙyalle, na kafa ɗaya a bakin kowane giɓi tun daga ƙofarmu har kwanar haikali. Yau ya dawo da fara'a, wai sun jeru masa kamar balbelu a gonar shinkafa. Rabon da in ji zuciyata ta kwanta haka, na manta.

Juma'a, 24 ga Mayu

Abin da ban yi tunaninsa ba. Wata tsohuwa daga bayan tasha ta shigo da hantsi cikin farin sari, da ƙunshin sukari da ganyen shayi, tana share ido. Ta ga fararen tutoci tun daga kwana sun nufo gidanmu, ta ɗauka Tatta ne ya tafi. Ta same shi a baranda yana tsoma gurasar kwakwa a miyar wake. Ya ce mata, "Zauna ki sha shayi, gawar ba ta gama karin kumallo ba tukuna."

Mun yi dariya har da hawaye. Sukarin dai ta bar mana, kunya ta hana ta ɗauka.

Na san a nan garin farar tuta a bakin titi alamar mutuwa ce, ba jiya aka haife ni ba. Hankalina ne duk yana kan idon Tatta.

Talata, 28 ga Mayu

Soma Akka, matar Gunadasa, ta tuge sandunan duka ta zube min su a ƙofa. Bikin 'yarsu Dilrukshi saura mako guda da 'yan kwanaki. Ta tsaya a titi ta yi min wankin babban bargo, kowa na ji. "Dangin ango su biyo layin nan su ga tutar mutuwa? Me muka yi miki, Lata? Ke da kika ga haihuwar yarinyar nan!" Na ce ramuka nake nunawa, ba gawa ba. Ta ce ita mai duba ya zaɓa musu sa'a mai kyau, ba za ta bari in jawo musu baƙin jini da tsummana ba.

Abin haushin, na fahimce ta. Da 'yata ce, ban san me zan yi ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na mayar da su da asuba, kafin azahar an sake tugewa. Da yamma Gunadasa ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce in yi masa rai in sa jan ƙyalle, ja launin amarya ne, ba wanda zai ce uffan. Da an gama biki an kai yarinya, in mayar da farina. "Ni ne idonsa, Lata. Giɓin nan duk na san su kamar haƙoran bakina, da waɗanda suka faɗi da waɗanda suka rage."

Na yarda. Me zan ce wa mutumin da yake ba mahaifina kafaɗarsa kullum ba tare da an roƙe shi ba?

Lahadi, 2 ga Yuni

Ja idan ya jiƙe baƙi yake komawa. Tatta ya ce bai ga ko ɗaya ba. Kullum ina bakin get har su dawo, shayina ya huce a hannu.

Alhamis, 6 ga Yuni

An yi biki lafiya, ruwa ma ya ɗaga musu. Dilrukshi ta yi kyau, rigar da na ɗinka mata ta zauna daidai. Soma Akka ta aiko mana da shinkafar madarar kwakwa da ayaba, amma ba ta kalle ni ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban san ta ina zan fara ba.

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun jiya. Tatta ya tashi da tari, na ce yau kam ba inda za shi. Ya yi ta mita. Gunadasa ya zo get da baƙar lemarsa, na ce masa yau shi kaɗai ne. Ya ɗaga murya yadda Tatta zai ji: "Tsoho ya ji tsoron ruwa! To, zan share masa rabonsa, amma ladan nawa ne." Tatta ya ce, "Tafi can, ragon banza, ko tsintsiya ba ka iya riƙewa ba."

Gunadasa bai isa haikali ba. Mai aski ne ya ga lemar tana juyi a kan ruwa.

Litinin, 10 ga Yuni

An same shi a bakin kwalbati, can inda kwatar ta haɗu da rafi. Ruwa ya ja shi ta ƙarƙashin murafu duk tsawon layin. Ta ƙarƙashin ƙofarmu ma ke nan. Ina ciki ina dafa wa Tatta citta.

Da ruwa ya janye muka ga wurin. Ba a giɓi ya faɗa ba. Murfi ne lafiyayye, wanda suke takawa kullum su biyu, ya rabe gida biyu. Mai aski ya ɗauki gutsuren ya murmushe shi da yatsa, yashi ne zalla, ko ƙarfe ɗaya babu a ciki. Sandata da jan ƙyallenta tana can gaba a tsaye, ba abin da ya same ta.

Da hannun Tatta na kan kafaɗarsa...

Ba zan rubuta wannan ba.

Talata, 11 ga Yuni

Mazan unguwa sun zo neman farin yadi na tutocin makoki, wa za su tambaya in ba ni ba. Na juye musu buhun. Sun ja igiya daga gidan Gunadasa har kwanar haikali, layin ya yi fari fat, sandunan ma nawa suka ɗauka a jikin shinge.

Na shiga gidan makoki. Dilrukshi ta dawo, kwana nawa da kai ta. Soma Akka ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Ni na tuge su, Lata." Na ce mata ba giɓi ba ne, murfi ne ya karye, ko da zinariya na ɗaura a sandunan nan ba abin da za su hana. Na faɗa na maimaita. Kallona kawai take yi, ta sake cewa, "Ni na tuge su."

Tatta ya zauna kusa da akwatin gawar tun safe. Bai yi kuka ba, hannunsa na dama dai yana ta ɗagowa kamar zai dafa wani abu, sai ya mayar kan cinya.

Alhamis, 13 ga Yuni

An kai Gunadasa. Ta tsakiyar titi aka bi da akwatin, yau kam motocin bas sun tsaya. Kansila ya yi dogon jawabi a maƙabarta, ya ce za a kafa kwamiti. Ya zo da mai ɗaukar hoto.

Lahadi, 16 ga Yuni

An yi sadakar bakwai, malaman haikali sun ci abinci sun tafi. Yaran unguwa suka zo za su kwance tutoci kamar yadda aka saba, Soma Akka ta fito ta ce duk wanda ya taɓa su ita da shi. An bar su.

Wurin da murfin ya karye wani ya ɗora katako biyu. Ruwan yamma ya tafi da ɗaya.

Talata, 18 ga Yuni

Tatta ya ce, "Ganye ya taru a gindin bo, Lata. Yanzu ai ina ganin hanya, layin duk fari ne. Ni kaɗai ma zan iya."

Na ce zan raka shi. Muka fita, hannunsa a kafaɗata. Ko rabin layin ba mu yi ba na kasa ci gaba. Kowane murfi na ɗora ƙafa sai in ji kamar ya motsa. Ina kallonsu, duk iri ɗaya, duk lafiyayyu a ido, wanne ne na gaba? Na ja shi zuwa titi, bas ta taho ta watsa mana ruwa har wuya, kwandasta na zagi. Na ce mu koma, jiri nake ji. Ya ce, "Gobe ki yi zamanki."

Ƙyalle yana nuna rami. Ban san abin da ake ɗaurawa a nuna murfin da bai karye ba tukuna.

Laraba, 19 ga Yuni

Na koma ofishin. Kwamiti bai zauna ba. Mai cin shinkafar nan ya gane ni, ya ce ash, ya ji labari.

Wimal ya bugo, ban ɗauka ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Yau farin wata ya cika, ranar ibada ce a haikali. Tun da sassafe muna jin karatun malamai daga lasifikar haikali. Tatta ya yi wanka ya sa fararen kayansa, ya tsinko furanni a jikin shinge da lalube, ya zo bakin ƙofa yana neman silifas da ƙafa. Likita ya hana shi taka ƙasa ba takalmi, ga ƙarafa tsirara a bakin kwatar.

"Lata, kin ga silifas ɗina?"

Na ce ban gani ba, wataƙila karen mai aski ne.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma kujerar baranda da furannin a cinyarsa, yana fuskantar layi. Na kai masa shayi ya sha. Na zauna kan keke na yi ta ɗinki, ban san me na ɗinka ba.

Ban sa kwaɗo ba dai. Get a buɗe yake, kowa na iya gani.

Da azahar ina zuba masa abinci ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki ɗauke su daga bayan buhun shinkafa, 'yar nan. Ɓeraye za su cinye igiyar."

Na mayar da su saman kabad. Na ɗan lokaci ne kawai, kafin damina ta wuce.