Motar da Hafsah Ta Shiga

Dutse Alhaji, Abuja
17 ga Nuwamba, 2008

Zuwa ga Yayata Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Surajo da yara. Allah ya ƙara wa Hajiyarmu sauƙin hawan jinin nan, ya ja mana kwananta. Mu nan Abdulmajeed lafiya, sai tumbi da yake ta yi yana ɗora wa aikin ofis laifi, Al-Amin kuma ya shiga aji uku. Na ba Ilyasu direba wasiƙar nan ya kawo miki Daura hannu da hannu, domin sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, da kin ce salamu alaikum sai in koma tambayar gero. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban Hajiya.

'Yarki Hafsah tana da rai, wannan ne farko. Amma abin da na gaya miki makon jiya, cewa ta faɗi a kan mashin ta ɗan gurje, ƙarya na yi miki. 'Yan fashi ne suka wurgo ta daga mota a hanyar Kubwa ranar Talata, da la'asar, gari da haske, tana dawowa daga wurin bautar ƙasarta a Sakatariya. Ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu, an sa mata ƙarfe. Kunnenta na hagu kuma likita ya ce kada mu sa rai zai sake ji.

Yaya, kin san da bakina na yaba miki Abuja. Lokacin da muka tare a nan shekara tara da suka wuce, shanya takan kwana a waje, kuma duk mai mota in ya fito da safe sai ya tsaya a bakin titi ya kwashi ma'aikata har Sakatariya, ba wanda ya san wani. Daga baya gari ya cika, kuɗi ya shigo, sai 'yan fashi suka fara bi gida-gida. Unguwa ta ɗauki 'yan banga, kowane layi ya sa ƙofar ƙarfe, abin ya lafa har muka saki jiki. Ashe ba tafiya suka yi ba, titi suka koma. Tun da aka hana acaɓa a cikin gari mutane suka yi yawa a bakin hanya, mota ta yi kaɗan, sai ga waɗanda ake kira wan-cans: mota ce kamar ta haya, fasinjojin ciki duk ɓarayi ne, kai kaɗai ne baƙo. Abdulmajeed yakan ce ai ya ji a rediyo laifuka sun ragu a bana. Na ce masa ya je ya gaya wa Hafsah, ta kunnen da ya rage.

Ga inda nawa laifin yake. Mu matan ofis muna da wata dabara da muke koya wa juna: kada ki shiga motar da maza ne zalla, ki jira wadda akwai mace a ciki, in da hali mai hijabi. Shekara biyu ina bin wannan ban taɓa ganin komai ba, har ina jin kaina gwana. Ranar da Hafsah ta iso ban bari ta kwance jaka ba sai da na zaunar da ita na karanta mata, na sa ta maimaita kamar hadda. Yarinyar nan ta riƙe. Ranar Talatar motoci uku ta bari suka wuce saboda maganata. Ta huɗun akwai wata dattijuwa a baya, da dogon hijabi ruwan toka da carbi a hannu. Hafsah ta ce matar ce ta fara yi mata sallama, ta matsa ta ba ta wuri, ta kira ta 'yata, har ta tambaye ta 'yar wane gari ce. Da suka wuce gada, ita ce ta danne mata kai a cinya, ita ce ta cire mata 'yan kunne, kuma da Hafsah ta haɗa ta da Allah, ita ce ta ce wa na kusa da ƙofa ya buɗe. Abin da muke faɗa a ofis su ma suna ji, Yaya. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, Christina, ita ta tsaya ta ɗauke ta bayan motoci da yawa sun kauce sun wuce. Ban zarge su ba, ni ma da ni ce ban san ko zan tsaya ba, kuma wannan ma yana ba ni kunya. Yanzu Hafsah tana gida, a ɗakina take kwana. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Jiya maƙwabciyarmu Safara'u ta shigo dubiya da hijabinta, Hafsah ta juya fuska bango har matar ta fita.

Hafsah ta roƙe ni kada in gaya miki, wai za ki ce ta dawo gida, ita kuwa saura wata huɗu ta karɓi takardarta. Na karya mata alkawari domin ke kika haife ta, kuma ni na zo har ɗakinki na ce ki ba ni ita amana. Ki zo. In kin ce ta koma Daura, da kaina zan haɗa mata kaya. Duk abin da ke bakinki ki faɗa mini, na cancanta, amma ki ja ni gefe inda ba za ta ji ba. Har yanzu in ta ga ina kuka cewa take Anti ai ba laifinki ba ne, kuma wallahi gara ki zage ni da in sake jin wannan.

Ki gaida Malam Surajo, shi ma ki san yadda za ki gaya masa. Ki gaida Hafizu da Zakiyya da Kawu Lukmanu. Hajiya kuwa ki ce mata kowa lafiya, wannan ƙaryar mu raba ta ni da ke.

Ƙanwarki,
Rahmatu